Alƙalamin S Pen ya ƙi rubutu a Galaxy Tab A8 ɗina, ina mafita?

Malamin Lissafi, Katsina:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan na'urorin nan, don yau mako uku ke nan ina fama, lokaci kuma yana ƙure mini.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a nan Katsina, shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa. 'Yan aji shidan da nake da su bana sun haura saba'in a aji guda, darasi kuma minti arba'in ne. Kafin ka share allo, ka rubuta tambaya, ka tsawatar wa na baya, rabin lokacin ya wuce. Shi ya sa muka buɗe zaure a WhatsApp, suna turo mini tambayoyin WAEC da NECO na shekarun baya da daddare, ni kuma in warware a takarda in ɗauki hoto in tura. Amma na lura hoto ba ya koyar da lissafi. Yaro yana ganin amsa a gama, bai ga yadda hannu ya bi ya kai can ba. Abin da nake so shi ne in riƙa rubutu a kan tab ina bayani da baki, na'urar tana naɗar rubutun da muryar tare, in tura musu bidiyon minti huɗu ko biyar.

Da wannan niyyar na sayi Galaxy Tab A8 na hannu a wurin wani ɗan'uwana. Lafiyarsa ƙalau, batirinsa yana wuni. Sai na shiga kasuwa na ce a ba ni alƙalamin Samsung, mai shagon ya ɗauko S Pen ya ce ai duk Samsung ɗaya ne. Ban gwada a shagon ba, don ban je da tab ɗin ba. Na dawo gida na ɗora shi a kan gilashin, ko ɗigo bai yi ba. Na kunna Bluetooth na yi ta nema, babu sunansa. Na shiga saiti na bi layi-layi, ban ga inda aka ambaci alƙalami ba. Na sauke manhajoji har uku masu cewa suna haɗa alƙalami da kowace na'ura, ba abin da suka kawo sai talla.

Daga nan na koma na sayi irin mai bakin roba ɗin nan, mai kai kamar goge-goge. Wannan yana rubutu, amma ga abin da ya faru daren Talata. Wata ɗalibata ta turo 2x² − 5x + 3 = 0. Na fara rubutawa, ƙaramin 2 da ke saman x ya dunƙule ya zama ɗigo, alamar ± kuma ta fito kamar an murje sauro a bango. Da na kwantar da gefen hannuna kamar yadda kowa yake yi in zai yi rubutu, sai wani dogon layi ya tsaga shafin daga ƙasa zuwa inda nake. Dole na ɗage hannu sama ina rubutu da tsinin yatsu, kafin in kai ga 25 − 24 kafaɗata ta riƙe. Na tura bidiyon a haka. Da safe yarinyar ta zo da littafinta, ta samu amsa ɗaya kawai, 3/2, ta rasa 1, saboda ta ɗauka alamar tarawa ce kaɗai na rubuta. Wannan abin ya tsaya mini a rai. Yarinya ce mai ƙoƙari, kuma ni na ɓatar da ita.

To tambayata: akwai wani saiti ko manhaja da za ta sa S Pen ɗin ya yi aiki a kan A8? Ko alƙalamin ne jabu? In kuma babu hanya, wane alƙalami ne zai bar ni in kwantar da hannu in yi rubutu siriri? Ba ni da ƙarfin sayen iPad, ina faɗa tun da wuri. Jarrabawa saura wata biyu da 'yan kwanaki. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka.

Mai Gyaran Waya, Kano:

Wa alaikumus salam Malam. Ka daina wahalar da kanka da saiti, kuma ka goge manhajojin nan uku yau ɗin nan. Babu wadda za ta yi. Mai yiwuwa ma alƙalaminka na gaske ne, matsalar ba a jikinsa take ba, a cikin gilashin tab ɗin take. Bari in yi maka bayani yadda nake gani in na buɗe su a kan teburina.

Gilashin kowace waya da tab yana da wani siririn shimfiɗi mai jin yatsa. Jikin mutum yana ɗaukar lantarki, to in ka taɓa, shimfiɗin yana jin canji a wurin. Alƙalamin roban da ka saya yatsa ne kawai aka yi masa kama. Shi ya sa bakinsa yake da kauri, don in ya yi siriri sosai gilashin ba zai ji shi ba. Shi ya sa kuma tab ɗin ba ya bambanta shi da gefen hannunka, a wurinsa yatsu biyu ne suka sauka lokaci guda, sai ya ja layi tsakaninsu ko ya ɗauka kana son buɗa shafi.

S Pen daban yake. Fasahar kamfanin Wacom na Japan ce, Samsung yana amfani da ita tun Galaxy Note na farko a 2011. A bayan gilashin na'urar da aka yi domin S Pen akwai wani faranti na biyu, siriri kamar takarda, cike da zaren waya a saƙe. Farantin yana fitar da ƙarfin maganaɗisu, a cikin alƙalamin kuma akwai 'yar naɗaɗɗiyar waya da take karɓar wannan ƙarfin ta mayar da amsa. Daga amsar ne na'urar take sanin inda bakin yake da irin dannawar da ka yi. Wannan ne dalilin da S Pen ba ya buƙatar caji ko Bluetooth kafin ya yi rubutu. Masu Bluetooth a cikinsu, don ɗaukar hoto daga nesa da irin su ne, ba don rubutu ba. Kuma tunda hanyar alƙalami daban, ta yatsa daban, na'urar tana iya toshe ta yatsa da zarar ta ji alƙalami ya matso. To Tab A8 ba shi da wannan farantin. A7 ma haka, A9 da A9+ ma haka. Abin da babu shi a jiki, manhaja ba ta sa shi.

Na san inda ruɗanin yake fitowa, don ba kai ne na farko ba. A 2019 an yi wani ƙaramin tab mai suna Galaxy Tab A 8.0 da yake zuwa da S Pen a jikinsa, lambarsa SM-P200 ko SM-P205. Naka kuma Tab A8 ne mai inci 10.5, lambarsa SM-X200 ko SM-X205. Suna kusan ɗaya, ciki daban. Duba bayan naka ko cikin bayanin na'ura a saiti za ka gani.

Za a kuma nuna maka wasu alƙaluma fararen nan masu caji da siririn baki. Iri biyu ne. Akwai na iPad zalla, waɗanda ba za su motsa a kan Android ba. Akwai kuma waɗanda ake cewa na kowace na'ura, su ma yatsa suke kwaikwayo, sai dai da batir. Bakinsu siriri ne, gaskiya, amma hannunka zai ci gaba da ɓata shafi, kuma in ka ja layi a karkace a hankali za ka ga yana rawa. Ga mai zana giraf wannan ba ƙaramar matsala ba ce.

Shawarata, in da hali, ka sayar da A8 ɗin ka cika ka nemi Galaxy Tab S6 Lite. Yana cikin mafi araha a masu farantin, inci 10.4, alƙalaminsa yana zuwa a kwali kuma yana mannewa a gefe. Sau uku aka fitar da shi: na 2020 (P610 da P615), na 2022 (P613 da P619), da na 2024 (P620 da P625). In ka samu na 2022 ko na 2024 ya fi, don na 2020 ya fi nauyin tafiya kuma an daina ɗaga masa Android. S7 FE da S9 FE su ma suna yi, amma kuɗinsu ya fi. Alƙalamin da ke hannunka kada ka yar, in na gaske ne zai yi rubutu a kansu.

In za ka sayi na hannu, ga gwajin da ba ya ƙarya. Matso da bakin alƙalamin kusa da gilashin ba tare da ka taɓa ba, kamar faɗin ƙaramin yatsa ko ƙasa da haka. Za ka ga wani ɗan ɗigo yana bin bakin. Bi da shi kusurwa huɗu da tsakiya. Sannan ka buɗe shafi ka ja layuka daga gefe zuwa gefe, a tsaye da a kwance, kamar raga. Duk inda layi ya katse, akwai magana. Ka yi wannan a gaban mai kayan kafin ka ƙirga kuɗi, musamman in an taɓa canza gilashi.

Mai Zanen Lalle da Ɗinki, Kaduna:

Sannu Malam, Allah ya ba da lada. Duk abin da mai gyara ya faɗa haka yake, amma ni ina kallon wata biyun da ka ce ya rage. Sayarwa da saye na iya cin mako biyu ko uku, yara kuma suna jira yau da daddare. Ga abin da za ka iya yi kafin nan.

Na farko, ka samu tsohuwar safa mai laushi ko safar hannu ta auduga, ka yanke wurin babban yatsa da manuni da na tsakiya, ka bar ƙaramin yatsa da na kusa da shi da gefen tafi a rufe. In yadin siriri ne ka ninka shi biyu a gefen. Da shi za ka kwantar da hannunka a kan gilashin ba tare da ya ja layi ba. Shekara guda na yi ina zanen lalle da haka a kan wani tsohon tab kafin Allah ya hore mini wani. Na biyu, a maimakon mai bakin roba, nemi mai ɗan faifan roba garai-garai a baki, kamar ƙaramin kwabo. Ta cikin faifan kana hango daidai inda layi zai fito. Na uku, kuma wannan shi ne babba, ka buɗa shafin da yatsu biyu ya yi girma sosai, ka yi rubutu manya-manya. In ka mayar da shi daidai, ƙaramin 2 ɗinka zai fito tsaf.

In duk wannan bai gamsar da kai ba, ka koma ga takarda da biro, amma a bidiyo. Samu kwalin taliya, ka yanke gefe ɗaya inda hannunka zai shiga, ka huda sama daidai idon kyamarar wayarka, ka kwantar da wayar a kai tana kallon ƙasa. Fitila mai caji a gefen hagu don kada inuwar hannunka ta rufe rubutun. Haka nake koya wa ɗalibaina yanka riga a takarda, kuma ba wanda ya taɓa cewa bai gani ba. Ba sai ka jira na'ura ba kafin yarinyar nan ta ga ± ɗinta.

Don masu karantawa da ke da iPad kuma, tunda na ga ana yawan faɗawa wannan ramin a can ma: nawa iPad na tara ne, na 2021, kuma Apple Pencil na farko kaɗai yake ɗauka a cikin na Apple. Haɗa su ba wuya, ka cire hular bayansa, ka soka shi a ramin cajin iPad ɗin, Bluetooth a kunne, sai tambaya ta fito ka amsa. Apple Pencil na biyu, mai mannewa a gefe yana caji, ba ya yi a nawa. Mai ramin caji irin na USB-C da ya fito a 2023 shi ma ba ya yi a nawa, kuma ko a inda yake yi ba ya jin nauyin dannawa. Ga mai rubutu wannan ba komai ba ne, amma ga mai zanen lalle shi ne komai, don ganyen fure yana farawa da kauri ne ya ƙare siriri kamar gashi, kuma da nauyin hannu ake yin sa. Sannan kada a jefa shi a durowa wata da watanni babu caji, ƙaramin batirin cikinsa yana mutuwa, kuma ba a canza shi.

Abu na ƙarshe, lokacin hunturu ka riƙa goge gilashin da ƙyalle mai laushi kafin ka fara. Ƙurar nan yashi ce, in ta shiga tsakanin baki da gilashi ita ce take yin zane.

Malamin Lissafi, Katsina:

Na gode ƙwarai Injiniya, na gode Hajiya. Na duba, SM-X205 ne, kamar yadda aka ce. Wallahi har na ji sanyi a raina, don da ina zargin kaina ne cewa akwai wani wuri a saiti da na kasa ganowa. Daren jiya na gwada dabarar kwali. Na sake warware tambayar nan daga farko, na tsaya a kan ± na ce musu hanya biyu ce, ɗaya ta ba da 6 bisa 4, ɗaya ta ba da 4 bisa 4. Yara goma sha tara suka kalla kafin sallar asuba. Zan ci gaba da haka, ina kuma neman mai sayen A8 ɗin. Wani abokin aikina yana so wa 'ya'yansa.

Dattijo Mai Ajami, Zariya:

Assalamu alaikum. Jikana ne ya nuna mini wannan tattaunawa, shi yake buga mini abin da nake faɗa. Ɗana malamin lissafi, Allah ya yi maka albarka da ka damu da kuskuren yarinya guda. Ina da irin na'urar da aka ba ka shawara, S6 Lite, shekara biyu ke nan, kuma ina so in faɗa maka abin da na gani.

Ni da alƙalamin kara na tashi, wanda muke feƙewa da aska, da tawadar gawayi da ƙaro. Mahaifina ya bar takardu na waƙoƙin wa'azi da ajami, wasu gara ta fara ci, wasu damina ta taɓa. Na so a kwafe su, yara suka ce a buga a kwamfuta. Da aka gwada sai abin ya ƙi. Mu fa ɗinmu ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, irin rubutun Warshu. Tsa muna yin ta da ɗa mai ɗigo uku. Ga imala, ɗigon nan mai kauri da muke sawa a ƙarƙashin baƙi. Abin bugawa na Larabci da ke wayoyinsu bai ba su waɗannan ba, suka yi ta musanya baƙi da wani, har waƙar ta daina karantuwa yadda mai ita ya rubuta. Da aka kawo mini wannan alƙalami sai na ce to, a bar ni in kwafa da hannuna. Yanzu na wuce shafi ɗari da arba'in. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, kamar yadda aka koya mana. In na yi kuskure ba wanki, ba kankarewa.

Abin da zai ba ka wuya da farko santsi ne. Allo da takarda suna riƙe alƙalami, gilashi kuwa sakinsa yake yi, sai hannunka ya riga tunaninka. Mako biyu na yi rubutuna yana kama da na ɗan kotso. Jikana ya liƙa mini wata leda mai ɗan kaushi a kan gilashin, daga nan hannuna ya dawo. Sai dai tana cin bakin alƙalamin, na canza sau uku. Ka sayi bakunan ajiya tun ranar farko. A cikin manhajar rubutun akwai alƙaluma iri-iri, akwai mai yankakken baki kamar namu, wanda yake kauri in ka ja ƙasa ya sirance in ka ja gefe. Ni shi nake so. Kai mai lissafi ka ɗauki mai kauri ɗaya.

Ni ma ina da tambaya ga mai gyara, tunda Allah ya haɗa mu. Tun watan jiya akwai wuri guda kusa da gefen dama, kamar faɗin kwabo, in na iso nan layi sai ya karkace ko ya katse. Tunda mu daga dama muke farawa, kullum sai na ci karo da shi. Na'urar ce ta fara lalacewa?

Mai Gyaran Waya, Kano:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kafin a kai ta ko'ina, a tambayi jikan ko an sa mata sabuwar riga a watan jiyan. Rigunan nan masu murfi da yawa suna da maganaɗisu a ciki don su riƙa mannewa, alƙalamin kuma da maganaɗisu yake magana da farantin. In aka samu rigar da ba a auna ta da wannan na'urar ba, ko aka naɗe murfin ta baya maganaɗisun ya zauna a bayan gilashin, daidai wurin sai layi ya karkace. A cire rigar gaba ɗaya a gwada. In ya tafi, riga ce.

Malam, kai ma ga ƙari guda. In kana rubutu tab yana caji, musamman da wutar janareta ko da caja maras kyau, za ka iya ganin layi yana karkarwa ko shafi yana motsi shi kaɗai. Ka cika batir tukuna, ka zare wayar cajin, sannan ka naɗa.

Dattijo Mai Ajami, Zariya:

Riga ce. An cire, wurin ya warke. Allah ya yi wa sana'arka albarka, ɗana.

Malamin Lissafi, Katsina:

Na dawo in ba da bayani, don wanda zai zo da irin tambayata ya samu abin kamawa. Na sayar da A8, na cika da kuɗin darasin yamma na wata biyu, na samu S6 Lite na 2022, P619, na hannu. Na je da alƙalamina a aljihu. A gaban mai kayan na matso da shi, ɗigon nan ya fito yana bin bakin tun kafin in taɓa. Ashe na gaske ne, mako biyar yana kwance a durowa ina yi masa kallon jabu. Na ja ragar layuka yadda Injiniya ya ce, babu inda ya katse, sannan na biya. Yanzu alƙalami biyu gare ni, ɗaya a jaka ɗaya a gida.

Babu wani haɗawa da na yi. Abin da na saita kaɗan ne. A cikin manhajar rubutu ta Samsung Notes na kashe rubutu da yatsa, ya zama alƙalami kaɗai ke rubutu, yatsa kuma na tura shafi ne sama da ƙasa. Na zaɓi shafi mai gidaje-gidaje kamar takardar giraf, yana taimaka mini in daidaita alamar daidai a ƙarƙashin 'yar'uwarta, abin da kullum nake yi wa yara faɗa a kai. Kala uku kawai nake amfani da su: baƙi na aiki, ja na inda aka fi yin kuskure, shuɗi na amsa. Maɓallin jikin alƙalamin in na danne shi ina gogawa yana zama abin sharewa, amma na kwana biyu ina danna shi ba da niyya ba, sai da na koyi juya shi ya kalli sama. Tambayoyin baya da nake da su a PDF ina buɗe su a cikin manhajar in yi rubutu a kansu kai tsaye, yaro yana ganin tambayar da warwararta a shafi guda.

Wajen naɗa, abin naɗar fuskar tab ɗin yana nan a jerin da ake jawowa daga sama. Ka tabbata ka zaɓi wanda ya haɗa da makirfo, don bidiyona na farko minti shida na yi ina bayani babu murya, sai da na sake. Na kuma rage ingancin hoton zuwa 720, har 480 na gwada, rubutu yana karantuwa sarai tunda farin shafi ne da layuka. Wannan don datar yara ne, da yawansu da wayar uwa ko ta yaya suke kallo. Ina naɗa ne bayan ƙarfe goma, lokacin da injinan unguwa suka yi shiru.

Baba, santsin da ka faɗa gaskiya ne, 7 ɗina har yanzu wutsiyarsa tana zarcewa. Na sa a kawo mini ledar mai kaushi da bakuna biyar daga Kano. Hajiya, kwalin bai yi ritaya ba, da shi nake yin darasin kamfas da rula, don a ɗakin jarrabawa da hannu za su raba kusurwa, kuma gara su ga ƙarfen yana juyawa a kan takarda. Zuwa daren jiya bidiyo ashirin da uku na tura. Yarinyar nan ta turo wata tambayar mai x² ranar Lahadi, ta warware da kanta, amsa biyu ta kawo. Saura mako uku su shiga takardar lissafi, a sa mu a addu'a.